Daga ina sautin Fleet Foxes ya samo asali?

“Malam, ina koyon aikin haɗa sauti, kuma kwanakin baya wani abokina ya turo mini waƙoƙin wata ƙungiyar Amurkawa mai suna Fleet Foxes. Da na saurara sai na ɗauka tsofaffin waƙoƙi ne na shekara hamsin ko fiye, har sai da na bincika na ga ashe na wannan zamanin ne. Ya ce mini irin wannan kiɗan shi ake kira indie folk. Me ya sa sautinsu yake kama da na da, wajen wa suka koya, kuma gargajiyarsu ce ta gado ko kwaikwayo ne kawai? Idan ina son in gwada irin wannan haɗin muryoyi a aikina, ta ina zan fara?”

Ɗan'uwa, abin da kake tambaya shi ne yadda aka yi waƙar da aka fitar a shekarar 2008 ta yaudari kunnenka har ka ba ta shekarun kakanni, sannan ko za ka iya yin irin wannan aiki da kanka. Zan gaya maka hukuncina tun farko, hujjojin su biyo baya. Tsufan da kake ji gina shi aka yi da gangan a ɗakin ɗaukar sauti, kuma kayan ginin daga faya-fayen shekarun 1960 da 1970 aka tsinto su. Waɗannan mawaƙa ba su tashi a ƙauye suna bin wani tsohon makaɗi ba. 'Yan birni ne da suka yi sauraro mai yawa, kuma suka iya tace abin da suka ji.

Ƙungiyar ta kafu a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka a shekarar 2006. Jagoranta, wanda shi ne yake rubuta waƙoƙin kuma yake rera su, shi ne Robin Pecknold, an haife shi a 1986. Abokin tafiyarsa tun farko shi ne Skyler Skjelset, makaɗin jita, wanda suka haɗu tun suna makarantar sakandare a garin Kirkland, kusa da Seattle. Abin da ya haɗa su shi ne son waƙoƙin Bob Dylan da Neil Young. Mahaifin Pecknold ya taɓa yin kiɗa a wata ƙungiya a Seattle a shekarun 1960, don haka yaron ya buɗe ido ya tarar da jita da tsofaffin faya-fayai a gida, sauran kuma ya nemo su a intanet, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗi. A farkon 2008 suka ƙulla yarjejeniya da Sub Pop, ƙaramin kamfanin faifai na Seattle mai cin gashin kansa, wanda ya yi suna tun 1989 da ya fitar da kundin farko na ƙungiyar Nirvana. Irin waɗannan ƙananan kamfanoni, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan 'yan kasuwar waƙa, su ne asalin abin da ake nufi da indie, folk kuwa yana nufin kiɗan gargajiya. Abin mamaki a nan shi ne, garin da kamfanin da duniya ta sani da kiɗan jitar lantarki mai ƙara da hargowa, su ne suka fito da waɗannan samari masu tattausar murya. A cikin shekarar suka fitar da gajeren kundi mai suna Sun Giant, sannan a watan Yuni suka fitar da cikakken kundi mai ɗauke da sunan ƙungiyar, wanda ya kai mataki na uku a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya. Furodusansu a lokacin shi ne Phil Ek.

Abin da kunne yake ji

Ginshiƙin sautinsu murya ce, sauran kayan kiɗa rakiya suke yi mata. Amma ba murya ɗaya ba ce, kuma a nan ne kunnen da ya saba da waƙoƙinmu yake bukatar ya dakata. A wajen yawancin makaɗanmu na baka, jagora yana kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su koma gindi, kuma akasari dukkansu rauji guda suke bi a mataki guda. A wajen Fleet Foxes mutum uku ko huɗu suna furta kalmomi iri ɗaya a lokaci guda, amma kowa da matakin da yake tsaye a kai: ɗaya yana riƙe da raujin, ɗaya yana sama da shi da taki uku na ma'aunin sauti, wani yana sama da taki biyar ko yana ƙasa. Idan tazarar ta daidaita, kunne ba ya rarrabe mutanen, sai ya ji kamar murya guda ce mai kauri da faɗi. Akwai kuma wuraren da ba kalma ko ɗaya, sai dogon “uu” ko “aa”, inda muryoyin suke yin aikin da goge ko fiyano za su yi a wajen wasu mawaƙan.

Ka saurari waƙar White Winter Hymnal, wadda ba ta wuce minti biyu da rabi ba, domin duk dabarar tana cikinta a fili. Murya ɗaya ce take buɗewa tana maimaita guntun layi guda, ba ta ƙarasa shi ba, sai ta koma farkonsa. Sauran muryoyin suna shigowa suna hawa kanta, ana kaɗa ƙaramin bandiri mai ƙararrawa a bayansu, kuma sai an gama wannan jeren ne babbar ganga da jita suke faɗowa. Baitin guda ɗaya ne tak, ana sake shi. Abin da yake canzawa shi ne yawan muryoyin da kaurin kiɗan, sannan a ƙarshe a janye kayan kiɗan a bar muryoyin su kaɗai. Waƙar da ta buɗe Sun Giant ma kusan dukkanta muryoyi ne zalla, sai can wajen ƙarshe mandolin, wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, yake shigowa.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ya fi yaudarar kunnenka, amsa-kuwwa ce. Ka tuna yadda muryarka take yi a sabon ɗakin da ba a riga an sa kaya a ciki ba, yadda take bugun bango ta dawo ta yi ɗan jinkiri kafin ta mutu. An lulluɓe muryoyin kundinsu na farko da irin wannan amo, mai tsawon wutsiya, har mai sauraro ya riƙa ganin kamar a cikin wani babban ginin dutse ko a kwarin tsaunuka aka rera su. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana fassara amsa-kuwwa da nisa, kuma abin da ya yi nisa a waje yana da sauƙi a ji shi kamar ya yi nisa a zamani. Yawancin waƙoƙin kasuwa na yanzu akasin haka ake haɗa su: muryar a bushe, a manne da kunne, an daidaita ta da manhajar gyara kaucewar murya ta Auto-Tune, an matse ta har ƙarfinta ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya saba da wannan, da zarar ya ji murya tana tahowa daga nesa tana hawa da sauka yadda numfashi ya ba ta, zai ce tsohuwa ce.

Kayan kiɗan suna taimakawa. Jitar katako ce a gaba, wani lokaci mai tsirkiya goma sha biyu, wadda kowane bugu nata yake fitowa biyu-biyu da ƙyalli. Akwai mandolin da fiyano, akwai kuma jitar lantarki, sai dai a tsabtace take, ba a murɗa ta ta yi gurnani ba. Mai ganga ya fi dogara ga manyan ganguna masu zurfin amo fiye da farantan ƙarfe, don haka bugun yana zuwa kamar daga ƙasa, ba ya yanka muryoyin. Tsarin waƙoƙin ma ba ya bin baiti, amshi, baiti, amshi yadda rediyo ya saba. Sau da yawa waƙa takan kai tsakiya ta sauya gudu da rauji gaba ɗaya, ta ƙare a inda ba ta faro ba.

Inda suka ɗebo

Tushe mafi kusa shi ne Kalifoniya ta ƙarshen shekarun 1960. Daga ƙungiyar Beach Boys, musamman aikin Brian Wilson a kundin Pet Sounds na 1966, suka ɗauki jera muryoyi hawa-hawa da kuma ɗaukar sutudiyo a matsayin kayan kiɗa mai zaman kansa. Daga Crosby, Stills & Nash, waɗanda kundinsu na farko ya fito a 1969, suka ɗauki muryoyin maza uku a kan jitar katako. Duk wanda ya san waɗannan biyun zai gane su nan take a kundin 2008. Akwai kuma inuwar Simon & Garfunkel a wuraren da murya biyu kawai suke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Tushe na biyu Birtaniya ce. A daidai wancan lokacin ƙungiyoyi irin su Fairport Convention, da kundinsu Liege & Lief na 1969, suna ɗauko tsofaffin waƙoƙin karkarar Ingila da Sikotilan suna sa musu ganga da jitar lantarki. Raujin waɗannan waƙoƙi yana bin tsofaffin ma'aunan sauti waɗanda ba su cika faɗawa cikin “na murna” ko “na baƙin ciki” ba, kamar yadda kiɗan Turai na baya-bayan nan ya kasa su. Wannan rashin tabbas ɗin, inda ba ka iya cewa waƙa tana farin ciki ne ko tana juyayi, yana cikin abin da yake ba Fleet Foxes ƙamshin zamanin da. Lokacin da suke shirya kundi na biyu, Pecknold ya ambaci Stormcock na Roy Harper, na 1971, saboda jitarsa mai tsirkiya goma sha biyu, da Astral Weeks na Van Morrison, na 1968, a matsayin abin da yake hange.

Tushe na uku ya fi waɗannan tsufa, kuma masu sharhi ne suka fi yawan danganta su da shi. A kudancin Amurka akwai al'adar rera waƙoƙin addinin Kirista da ake kira Sacred Harp, sunan littafin waƙoƙin da aka fara bugawa a 1844. Mawaƙan sukan zauna rukuni huɗu suna fuskantar juna, a bar fili a tsakiya, babu kayan kiɗa ko ɗaya, kowa ya buɗe murya iya ƙarfinsa. Haɗin muryoyinsu ya fi son tazarar taki huɗu da biyar, abin da yake ba da amo mai faɗi kuma wayam a tsakiya, ba mai zaƙi irin na Beach Boys ba. Haka kuma akwai waƙoƙin tsaunukan Appalachia, waɗanda baƙi daga Ingila da Sikotilan da Ailan suka zo da su, har wani Bature mai suna Cecil Sharp ya bi ƙauyukan yankin tsakanin 1916 da 1918 yana rubuta su. A nan dole in ja maka kunne: kamanni a kunne daban, hujjar koyo daban. Inda mawaƙi ya ambaci wanda ya saurara, na kawo maka sunan. Inda kuwa kunnena ne ko na masu sharhi ya ji kama, ka ɗauke shi a matsayin ra'ayi, domin hanya ɗaya ta haɗa muryoyi tana iya isa ga mutum ta hannu na uku ko na huɗu, shi kansa bai san mafarinta ba.

Hatta bangon kundin farko yana cikin aikin. Zanen Pieter Bruegel Babba ne na shekarar 1559, mai nuna wani ƙauye cike da mutane kowa yana aikata wata wauta. Kafin ka ji sauti ɗaya, ido ya riga ya gaya maka cewa baya za a kai ka.

Kada ka haɗa su da duk wanda aka laƙaba wa indie folk a wancan lokacin. Mumford & Sons na Landan, waɗanda kundinsu na farko ya fito a 2009, sun gina nasu a kan banjo mai gudu da dukan ƙasa da ƙafa da amshin da taron filin wasa zai iya karɓa. (Shi banjo, tun da maganarsa ta zo, asalinsa kayan kiɗa ne masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo, waɗanda bayin da aka kwashe suka sake ƙerawa a nahiyar Amurka.) Bon Iver kuma a farkonsa mutum ɗaya ne, Justin Vernon, da ya keɓe a wata bukka a jihar Wisconsin yana jera siririyar muryarsa a kan kanta. Suna ɗaya ya rufe su, amma aikinsu ya sha bamban.

Yadda sautin ya sauya

Da a kundin farko suka tsaya, da zargin kwaikwayo ya fi kama su. Helplessness Blues, wanda ya fito a watan Mayun 2011, ya matso da muryar Pecknold gaba, kalmomin suka bar tsaunuka da dazuzzuka suka koma kan damuwar saurayin da yake tambayar amfanin kansa a duniya. A cikinsa akwai waƙar The Shrine / An Argument, mai tsawon minti takwas, wadda ta kasu kashi-kashi, muryar jagoran ta tsage a wani wuri, sannan a ƙarshe wata babbar sarewar Turawa ta ɓarke da kururuwa irin ta 'yan jaz. Wannan ba abu ne da mai son ya yi kama da 1969 kawai zai saka ba. Mai gangarsu na lokacin, Josh Tillman, ya bar su a 2012 ya ci gaba da waƙa da sunan Father John Misty, Pecknold kuma ya tafi karatu Jami'ar Columbia a New York, aka yi shekara shida babu sabon kundi.

Crack-Up na 2017 shi ne mafi wuyar shiga. Waƙoƙi biyu ko uku a ɗinke cikin ɗaya, raɗa ta koma guguwa ba gargaɗi, kuma a ƙarshen wata waƙa an saka guntun kiɗan Mulatu Astatke, uban jaz na Habasha. Ni a wajena shi ne mafi ƙarfin aikinsu, ko da yake na san da yawa daga masoyansu ba za su yarda ba. Shore kuwa, wanda ya fito ranar 22 ga Satumba, 2020, a tsakiyar annobar korona, ya fi haske da sauƙi. Pecknold ya yi shi ne ba tare da sauran 'yan ƙungiyar ba, da taimakon injiniyar sauti Beatriz Artola da baƙin makaɗa. Muryar da ta buɗe kundin ma ba tasa ba ce, ta Uwade Akhere ce, wadda aka haifa a Nijeriya ta girma a jihar North Carolina. Akwai baiti da harshen Fotugis daga bakin Tim Bernardes na Burazil, akwai guntuwar muryar Brian Wilson da aka ɗauko daga zaman ɗaukar Pet Sounds, kuma a waƙar Sunblind an jera sunayen mawaƙan da suka rasu, irin su Richard Swift da John Prine da Bill Withers da Judee Sill. Cikin waɗanda Pecknold ya ce ya saurara lokacin aikin har da Nina Simone da Curtis Mayfield da Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou, makaɗiyar fiyano ta Habasha. Ka ga ke nan mutumin ba ya ɓoye bashin da ke kansa, a cikin waƙa ma yake lissafa masu binsa bashin.

To gado ne ko kwaikwayo? Idan gado yana nufin abin da muka sani a gidajen makaɗa, inda ɗa yake tashi yana amshi a bayan ubansa har ya karɓi jagoranci, to ba gado ba ne. Amma waɗanda suka koya daga wajensu ma haka suke. Dylan da tsararrakinsa sun koyi da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin Amurka ne ta hanyar faifai, musamman tarin da Harry Smith ya haɗa aka fitar a 1952. A wannan fanni faifai ya daɗe da zama malami, kuma abin da ake auna mawaƙi da shi shi ne ko ya tsaya inda malamin ya tsaya. Tazarar da ke tsakanin kundin 2008 da na 2017 ta nuna cewa waɗannan ba su tsaya ba.

Idan za ka gwada

Abin da zan faɗa a nan daga aikina ne da mawaƙa a ƙaramin sutudiyo, ba bayanin yadda su Phil Ek suka murɗa na'urorinsu ba. Ka fara da murya biyu a kan jita ɗaya ko fiyano, kada ka yi gaggawar zuwa huɗu. Ka ɗauki raujin tukuna, sannan mawaƙi na biyu ya koyi layinsa shi kaɗai har ya zauna masa, domin matsalar da na fi gani ita ce wanda ya saba da amshi yakan zame ya koma kan raujin jagora bayan kalma uku ko huɗu, ba tare da ya sani ba. Na kan rage masa muryar jagoran a abin sauraron da ke kunnensa, in kuma buga masa layinsa a fiyano a hankali a ƙarƙashi, sai in cire fiyanon wajen haɗawa.

Wurin da aiki yake lalacewa shi ne ƙarshen kalmomi da numfashi. Idan mutum uku suka rufe kalma a lokuta uku, kunne zai ji mutum uku, kaurin nan ya watse. Ka sa su tsaya suna kallon bakin juna, su ja numfashi tare, kuma idan suna da ƙwarewa ka gwada tsayar da su kewaye da makirfo ɗaya, wanda muryarsa ta fi ƙarfi ya ja baya kaɗan. Idan mutum ɗaya ne zai yi dukkan muryoyin, ya rera kowane layi sabo, kada ka kwafi ɗauka ɗaya ka liƙa, domin ɗan saɓanin da ke tsakanin ɗauka da ɗauka shi ne yake haifar da kaurin. Saboda wannan dalilin ne kuma zan ce ka sassauta Auto-Tune ƙwarai ko ka kashe shi. Idan ya daidaita kowace murya tsaf, sai su narke su koma kamar maɓallan fiyano.

Wajen amsa-kuwwa, ka tura dukkan muryoyin cikin guda ɗaya don su zama kamar a ɗaki ɗaya suke, ka yanke mata ƙananan sautuka masu kauri don kada ta yi laka, sannan ka ba ta ɗan jinkiri kafin ta fara, yadda kalma za ta fita sarai kafin amonta ya biyo ta. Ka kuma rage kayan kiɗa. Amsa-kuwwa mai tsawo tana bukatar fili, kuma ba za ta zauna lafiya da gangar kwamfuta mai cika kowane gurbi ba.

Akwai wani abu da su ba su fuskanta ba amma kai za ka fuskanta idan da Hausa za ka yi. Harshenmu yana da karin sauti, kuma rauji mai kyau yakan girmama hawa da saukar kalma. A haɗin muryoyi irin na Turai an saba murya ɗaya ta hau yayin da ɗaya take sauka, to wadda ta saɓa wa karin kalmar tana iya sa ta yi banbaraƙwai ko ma'anarta ta karkace. Abin da na ga yana aiki shi ne muryoyin su riƙa hawa da sauka tare, kowace a matakinta, a duk inda ake furta kalmomi, sannan a bar saɓawar ga wuraren “uu” da “aa” inda babu kalmar da za a ɓata. Don horar da kunne, ka saurari kundin 2008 da abin sauraro na kunne, ka zaɓi murya ɗaya wadda ba ta jagora ba, ka bi ta daga farkon waƙa zuwa ƙarshe kana rerawa tare da ita, sannan ka sake waƙar ka bi wata.